Matakan Fitar da Zanen AutoCAD Zuwa PDF Ba Tare da Ma'auni Ya Goce Ba

Zanen da injiniya ko mai zanen gini ya kwana yana yi a kwamfuta ba shi ne ke isa hannun magini ba. Abin da ke isa filin aiki shi ne PDF: a tura shi ta WhatsApp, a kai shi shagon buga takardu, a naɗe takardar a miƙa wa birkila. Jami'in hukumar tsara birane da zai duba kafin a ba da izinin gini shi ma abin da aka buga daga wannan PDF yake gani. Don haka idan layi ya ɓace a nan, ko ma'auni ya goce, babu wanda zai koma ya duba asalin zanen. Abin da aka gani a takarda shi za a gina.

Tushen matsalar shi ne fayilolin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Fayil ɗin DWG na AutoCAD, manhajar da kamfanin Autodesk ya fara fitarwa a 1982, ba shi da iyakar takarda. A cikinsa ana zana bango da ainihin tsawonsa, kuma launin layi sau da yawa umarni ne kan kaurin da za a buga shi, ba ado ba. PDF kuwa, wanda Adobe ya ƙirƙiro a 1993, shafi ne mai faɗi da tsawo tabbatattu. Tsakanin biyun akwai saituna da ke yanke hukunci kan me zai fita, da wane girma, da wane kauri. Mafi yawan laifin da ake ɗora wa PDF a cikin waɗannan saitunan yake, ko a cikin zanen kansa. Umarnan da zan ambata ana rubuta su ne da Turanci yadda suke, kuma galibinsu suna aiki a manhajoji masu kama da AutoCAD irin su BricsCAD da ZWCAD.

Mataki na ɗaya: Share zanen

Ajiye kwafi da wani suna kafin ka taɓa komai, musamman inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Rubuta AUDIT, ka amsa da Y domin ya gyara abin da ya lalace a cikin fayil ɗin. Bi shi da PURGE ya kwashe tarkacen da ba a amfani da su. Idan fayil ɗin ya ƙi buɗewa ma, RECOVER za ka yi.

Sai ka rubuta ZOOM ka zaɓi E. Idan ginin ya cika allo, madalla. Idan kuwa allon ya zama wayam, ginin ya koma ɗan ɗigo a kusurwa, to akwai wani guntun layi da ya faɗa can nesa. Wannan ya fi faruwa da zanen da aka ɗora kan aikin safiyo, inda filin ke zaune a lambobi na dubban ɗaruruwan mita, wani abu kuma ya maƙale kusa da sifili. Shi ne sanadin farin shafin da mutane ke samu su ce PDF ɗin ya fito babu komai. Nemo guntun ka goge shi.

Mataki na biyu: Tsayar da ma'auni a Layout

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin ganganci. Mutane da yawa suna tsayawa a shafin Model, su ja akwati kewaye da zanen, su sa alama a Fit to paper, su fitar. Takardar tana fita da kyan gani, amma ma'auninta ba 1:100 ba ne, ba 1:50 ba ne. Wani adadi ne da kwamfuta ta lissafa don zanen ya shiga shafin. A ƙasan takardar kuma an rubuta 1:100. A ganina wannan ya fi ɓacewar layi haɗari, domin layin da ya ɓace ana iya lura da shi, ma'aunin ƙarya kuwa ba ya nuna kansa.

Ga hanyar da ta dace. Koma shafin Layout, ka rubuta PAGESETUP, ka ƙirƙiri sabon saiti ka ba shi suna da za ka gane, misali A1 baƙi da fari. Zaɓi girman takarda. A1 milimita 594 ne da 841, A2 420 da 594, A3 297 da 420, A4 kuma 210 da 297. A wurin da aka tambayi abin da za a buga, zaɓi Layout. Ma'aunin bugawa ka bar shi 1:1, wato milimita ɗaya ta takarda daidai da ɗaya ta Layout. Ba a nan ake rage girman gini ba.

Ana rage shi ne a cikin tagar da ake leƙen zanen ta cikinta, wadda manhajar ke kira viewport. Zaɓi gefen tagar, ka ba ta 1:100 ko 1:50 daga jerin da ke ƙasan allo, sannan nan take ka kulle ta da alamar kwaɗon da ke kusa. Idan ba ka kulle ba, juya ƙafar linzami sau ɗaya a cikin tagar ya isa ya ɓata ma'aunin ba tare da ka sani ba.

Akwai tarko ga wanda ya yi zane da mita maimakon milimita, kamar yadda masu safiyo da masu zanen hanya suka saba. Jerin ma'aunan yana ɗauka cewa awon zane da na takarda iri ɗaya ne. Idan ka zaɓi 1:100 a zanen mita, ginin zai ƙanƙance ninki dubu. Abin yi shi ne ka shiga cikin tagar, ka rubuta ZOOM, sannan 10XP idan 1:100 kake so. 5XP na ba da 1:200, 2XP na ba da 1:500, 1XP kuma 1:1000. Lissafin ba wuya: mita ɗaya milimita 1000 ce, raba ta da ma'aunin da kake so, abin da ya fito shi za ka rubuta.

Da zarar ma'auni ya zauna, duba layukan da ya kamata su fito a tsittsinke, irin na tsakiyar ginshiƙi da na abin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙasa. Idan sun haɗe sun zama layi ɗaya miƙaƙƙe, saita LTSCALE da PSLTSCALE da MSLTSCALE duka zuwa 1, ka rubuta REGENALL. Layin da ke nuna bututu a binne idan ya fita a haɗe, mai karanta takarda zai ɗauka abu ne da ke sarari.

Mataki na uku: Zaɓi na'urar fitarwa

A akwatin PLOT, wanda Ctrl da P ke buɗewa, akwai jerin firintoci. Ɗauki DWG To PDF.pc3, ko ɗaya daga cikin huɗun da suka zo tun fitowar 2016, waɗanda sunansu ya fara da AutoCAD PDF. Mai suna General Documentation ya wadatar ga aikin yau da kullum, High Quality Print kuma ga takardar da za a kai hukuma. Microsoft Print to PDF na Windows an yi shi ne don wasiƙu da takardun ofis. Jerin takardunsa na asali bai wuce A3 ba, kuma bai san leyoyin zane ba.

A jerin takardu za ka ga A1 iri-iri. Zaɓi mai ɗauke da kalmomin ISO full bleed. Sauran suna barin gefe mai faɗi da ba a bugawa, kuma shi ne ke yanke layin da ya kewaye takarda ko ya cinye rabin akwatin suna. Ɗigo-ɗigon layin da kake gani a gefen Layout iyakar abin da zai fita ne. Duk abin da ya tsallake shi ya tafi.

Mataki na huɗu: Kauri da launin layi

Zane mai kyau ana karanta shi da kaurin layi kafin a karanta rubutunsa. Bangon da aka yanka yana fita da kauri, misali milimita 0.5 ko 0.7, ƙofa da taga 0.25 ko 0.35, layukan awo kuma sirara, 0.18 ko 0.13. Idan duka suka fita da kauri ɗaya, ido ba ya bambanta bango da layin awo.

Abin da ke riƙe da wannan shi ne ɗan fayil mai ƙarewa da CTB, wanda ake zaɓa a saman dama na akwatin PLOT. Shi ke cewa launi kaza ya fita baƙi da kauri kaza. Matsalolinsa uku ne da na fi gani.

Ta farko, a bar wurin a None. Sai launukan allo su fita yadda suke, ruwan ɗorawa da koren da ke haske a baƙin allo su dusashe a farar takarda har ba a iya karanta su. Zaɓi monochrome.ctb, ka tabbata akwai alama a Plot with plot styles. Amma ka sani monochrome launi kawai yake mayarwa baƙi, kaurin kuwa daga leya yake ɗauka. Idan ba ka ba leyoyinka kauri ba, komai zai fita a 0.25, wanda shi ne kaurin asali.

Ta biyu, ka zaɓi monochrome amma wasu layuka su nace sai sun fita da launi. Dalili shi ne CTB launuka 255 masu lamba kaɗai yake iko da su. Duk abin da aka ba launi daga shafin True Color ya fita daga ikonsa. Mayar da waɗannan zuwa launi mai lamba, ko ka sa su bi launin leyarsu.

Ta uku, zanen ya zo daga wani ofis, kuma CTB ɗinsu bai biyo shi ba, domin ba a cikin DWG yake zaune ba. Za ka ga sunansa a jerin tare da gargaɗin cewa ba a same shi ba. Nemi a turo maka, ka rubuta STYLESMANAGER, ka zuba shi a jakar da ta buɗe. Idan kuma jerin bai nuna CTB ko ɗaya ba sai masu ƙarewa da STB, zanen yana kan ɗaya tsarin ne, CONVERTPSTYLES ke mayar da shi.

Ƙarin abu ɗaya: idan za ka fitar da takardar A1 a girman A3 don dubawa, sa ma'aunin bugawa 1:2, ka kuma sa alama a Scale lineweights. In ba haka ba zanen zai ragu rabi, layukan su riƙe kaurinsu, ƙananan bayanai su cushe.

Mataki na biyar: Rubutu

Haruffan AutoCAD iri biyu ne. Akwai tsofaffin SHX, irin su romans da simplex, waɗanda aka yi tun zamanin da na'ura ke zane da alƙalami. Akwai kuma TrueType, irin su Arial, da sauran manhajojin Windows ke amfani da su.

SHX ba ya shiga PDF a matsayin rubutu, layuka ne kawai masu siffar haruffa. Don a iya neman kalma a ciki, tun daga fitowar 2016 manhajar kan liƙa wa kowane rubutu sharhi a ɓoye. Sakamakon shi ne mai karɓa ya buɗe fayil ya tarar da ɗaruruwan sharhi, ko'ina ya kai linzami wani akwati ya ɓullo. Rubuta PDFSHX ka ba shi 0, ka sake fitarwa. A fitowar 2016 kanta sunan umarnin EPDFSHX ne.

TrueType kuwa yana shiga a matsayin rubutu na gaske, amma sai an cusa haruffan a cikin fayil ɗin. Danna PDF Options ka tabbata akwai alama a Capture fonts used in the drawing. Idan ba a cusa ba, kwamfutar mai shago za ta musanya da abin da take da shi, rubutu ya faɗaɗa ya hau kan layi, alamar faɗin rodi ko ta digiri ta koma wani abu dabam. A zanen ƙarfe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kana shakkar na'urar da za a buga da ita, akwai zaɓin Convert all text to geometry a wuri guda. Fayil zai ɗan ƙara nauyi kuma ba za a iya neman kalma ba, amma abin da ka gani shi kowa zai gani.

Mai rubuta sunan unguwa ko na mai gida da ƙa'idar Hausa yana da ƙarin abin lura. Tsofaffin SHX ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su sa alamar tambaya a madadinsu, Ƙofar Mata ta fita da alamar tambaya a gaba. Yi wa irin wannan rubutun salo na TrueType mai ɗauke da haruffan, kamar Arial na Windows na yanzu. Idan allon rubutunka ba shi da su, rubuta \U+0199 don ƙ, \U+0257 don ɗ, \U+0253 don ɓ, manya kuma \U+0198 da \U+018A da \U+0181.

Mataki na shida: Abin da ke allo amma babu shi a PDF

Fara da leya. Duk abin da aka zana a kan Defpoints ba ya fita, haka aka gina ta. Buɗe jerin leyoyi ka duba alamar firinta a gaban kowace. Wadda aka soke ba za ta fita ba. Duba kuma ko an daskarar da leyar a cikin tagar viewport kaɗai.

Idan tambarin ofis, ko hoton fili, ko wani sashe guda na zanen ne ya ɓace, rubuta XREF. Waɗannan abubuwa jingina su ake yi daga wani fayil, ba a cikin zanen suke ba, kuma da an canza musu jaka ko an kwafi DWG shi kaɗai a filashi, hanyar ta yanke. Nuna masa inda suke. In za ka aika wa wani zanen ya fitar da kansa, yi amfani da ETRANSMIT, wanda ke tattara zanen da hotunansa da haruffansa da CTB ɗinsa a ƙunshi ɗaya.

Mataki na bakwai: Baƙaƙen akwatuna, fararen zare, da fayil mai nauyi

Wipeout, wato farin facin da ake rufe wani sashe da shi, yakan fito baƙi ƙirin a wasu manhajojin karanta PDF da wasu firintoci, ko kuma ya daina rufe abin da ke ƙarƙashinsa. A PDF Options duba Merge control, ka sa shi a Lines overwrite. Idan bai daina ba, cire facin ka maye gurbinsa da cikon Solid mai launin True Color 255,255,255. A nan rashin ikon CTB kan irin wannan launi ya zama alheri, domin zai zauna fari ko da monochrome aka zaɓa.

Fararen zaren da ke ratsa wurin da aka cike da baƙi galibi ba a cikin fayil ɗin suke ba, yadda allo ke nuna shi ne. A Adobe Reader danna Ctrl da K, ka shiga Page Display, ka cire alama daga Enhance thin lines da Smooth line art. Za ka ga sun ɓace.

Nauyin fayil kuma yana da sanadi sanannu. Babba shi ne alamar Plot transparency, wadda ke mayar da zanen hoto maimakon layuka. Cire ta sai idan da gaske akwai abin da dole a gani ta cikinsa. Haka tagar da aka bari a salon inuwa, mayar da ita 2D Wireframe. Cikon yashi da na kankare masu ƙananan ɗigo dubbai su ma suna kumbura fayil, ƙara musu girma kaɗan. OVERKILL yana goge layukan da suka hau kan juna. Gwajin yana da sauƙi: zuƙo PDF ɗin zuwa kashi 800. Layi na gaske yana nan da kaifinsa, wanda ya koma hoto kuwa zai dusashe ya farfashe. Idan kuma da'ira ta fito da kusurwoyi, ɗaga Vector quality a PDF Options zuwa 1200 ko 2400.

Mataki na takwas: Takardu da yawa a fayil ɗaya

Rubuta PUBLISH, ka cire shafin Model daga jerin, ka jera takardun yadda kake so su biyo juna, ka ba kowace saitin nan mai suna da ka ƙirƙira a mataki na biyu. A zaɓuɓɓukan fitarwa ɗauki Multi-sheet file.

Idan aikin ya tsaya ko fayil bai bayyana ba, duba abu uku. Wataƙila tsohon PDF mai wannan sunan yana buɗe a Reader, wanda ke hana a rubuta a kansa, rufe shi. Wataƙila ka sa 1:100 ko kwanan wata mai karkataccen layi a sunan fayil, alhali Windows ba ya karɓar waɗannan alamomi. Ko kuma aikin ya maƙale a bayan fage: saita BACKGROUNDPLOT zuwa 0 domin ka ga inda ya tsaya da idonka.

Mataki na tara: Duba, buga, auna

Buɗe PDF ɗin ka bi shi shafi-shafi kamar ba kai ka zana ba. A Reader, Ctrl da D zai nuna maka girman shafin da kuma ko haruffan sun shiga. Wajen turawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document. Hoton allo ba shi da ma'auni ko kaɗan, kuma matse shi ake yi har ƙananan lambobi su narke.

Duk wahalar da ka sha tana iya rushewa a shagon buga takardu, domin akwatin bugawa na Reader yana da Fit da Shrink oversized pages da Actual size, kuma na ƙarshen kaɗai ke kiyaye ma'auni. Faɗa wa mai shago da bakinka, ka kuma faɗi girman takardar. Takardar A1 da aka buga a A3 ta ragu rabi daidai, 1:100 ya koma 1:200, wannan ana iya aiki da shi idan an sani. Amma A3 da aka matse a A4 ta koma kusan kashi 71 cikin 100, ma'aunin da babu shi a kan kowace rula. Ɗakin milimita 3600, wanda ya kamata ya auna milimita 36 a takarda, zai auna kusan 25 da rabi, mai aunawa ya karanta mita biyu da rabi. Ko a takarda mai girman da ya dace, Fit yakan rage 'yan kashi saboda gefen firinta. Idan ya rage uku cikin ɗari, bangon mita 10 ya koma 9.7 a idon rula.

Saboda haka ina roƙon duk mai zane ya sa abu biyu a kowace takarda. Na farko sandar ma'auni da aka zana, wadda ke raguwa tare da zanen idan an rage shi, saɓanin rubutaccen 1:100 da ke zama yadda yake. Na biyu, rubuta girman takarda kusa da ma'aunin, 1:100 a A1, tare da gargaɗin cewa a bi lambobin awo, kada a auna daga takarda. Sa lambar gyara da kwanan wata a sunan fayil, don kada tsohon zane ya ci gaba da yawo a wayoyin ma'aikata bayan an canza shi.

Idan takardar ta fito daga na'ura, kafin ka bar shagon, ɗora rula a kan bango ɗaya da ka san tsawonsa. In bangon 3600 ya ba ka 36, naɗe ta ka kai fili. In ya ba ka wani abu dabam, a sake bugawa a Actual size; idan har yanzu bai daidaita ba, koma mataki na biyu ka duba tagar.